Kaka Ɗaya

Shekara tara ina ƙirga buhunan riɗi
a ofishin kasuwar hatsi ta Gadarif.
Kujerar nan ta haddace lanƙwasar bayana.
Ƙarshen wata bai taɓa saɓa mini alkawari ba.
Ustaz Babikir ya ce, ƙara haƙurin shekara biyu,
mabuɗin sito zai riƙa kwana a aljihunka.

To me ya hana ni barci?

Damina waccan zazzaɓi ya kama Mudassir,
saifa ta taso masa kamar an kifa ƙoƙo a ƙarƙashin fata.
Kwana goma sha bakwai,
shi a gadon ƙarfe, ni a tabarma.
Likita yakan zo da hantsi, ya duba, ya rubuta, ya wuce.
Wadda ta zauna ita ce Ihlas.
Daren da aka ɗauke wuta
ta cije fitilar waya da haƙora,
ta laluba jijiya a hannun da bai kai karan dawa kauri ba,
ta same ta karo ɗaya.
Ni mai lissafin lodin mota hamsin ba kuskure,
abin da na iya shi ne ɗaga ledar ruwa sama
har kafaɗata ta mutu.

Tun ranar alƙalamina ya yi nauyi.

Zulai ba ta ɗaga murya ba.
Ta jera mini su a faifai kamar tana tsince tsakuwa:
haya, kuɗin makaranta, maganin Inna,
shekara uku tukunya na jiran ɗalibi.
Ta ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
Gaskiyarta. Na kasa haɗiye ƙwan ne kawai.

Yayana Ɗanjuma dariya ya yi har da buga cinya:
da gemunka za ka je kwasar fitsarin mutane?

Don haka na je na gwada kaina, wata Juma'a bayan la'asar.
Warin ɗakin ya tare ni tun daga baranda.
Wani tsoho ya cika a gabana, ba sallama,
na fita na amayar da abincin rana a gindin darbejiya.
Ihlas ta same ni a can,
ƙafafunta sun kumbura sun fi ƙarfin takalmi,
albashinta wata biyu bai shigo ba.
Ta ce, kada ka zo don ɗanka ya tashi.
Na wasu ba sa tashi,
kuma kai za ka naɗe zanen gadon.

Na koma gida na ce shi ke nan, na warke.
Da asuba ciwon ya dawo.

Inna ce kaɗai ba ta ce yi ko bari ba.
Tana kaɗa jabana a kan gawayi ta ce:
kakanku daga Gumel ya taso a ƙafa, Makka ya nufa.
Guzuri ya ƙare masa a nan,
ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya wuce.
Kaka ɗayar nan ce ta haife mu duka.
Ban sani ba ko yabonsa take yi, ko kukansa.

Takardar makarantar jinya tana cikin aljihun tebur,
ƙarƙashin hatimi da ragowar goro.
Alhamis za a rufe karɓa.
Na rubuta sunana, na rubuta na mahaifina,
layin da ya ce "dalili" har yanzu fari ne.

A waje direba yana ta danna oda,
buhu ɗari huɗu na jiran sa hannuna.
Ina zuwa, na ce masa.
Yatsuna biyu suna kan wuyan hannuna na hagu,
idona a kan agogon bango,
ina koyon wata ƙirgar.